Wankan Rana ta Shida

"Ke Auta, me kika sa wa famfon nan? Ruwa fari fat, sai kumfa!"

Auta ta fito daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke da sifana a hannu, tana dariya. "Iska ce, Inna. 'Yar ragar da na ɗaura a bakinsa ce ke gauraya ruwan da iska. Rabin na da yake zuba, kuma ya wanke miki kwano tas."

"To, mun gode. An kai ki makarantar gyaran famfo, kin dawo kina shayar da mu iska."

Inna dai ba ta yarda ba. Sau ɗaya a mako ake kawo musu ruwa, su cika tankin kan rufi, rana ta biyar famfo ya fara tari. Ga Malam, mijinta, shekara guda ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ne mai tsafta kamar mage. Duk ranar da ruwa ya ƙare ta goge shi da tsumma, sai ya juya fuska bango, ko abinci ba ya karɓa.

Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi musu ba. Ta shiga banɗaki ta toshe yoyon tankin masai, ta cire tsohuwar shawa mai zuba kamar da bakin ƙwarya, ta sa ta hannu mai maɓalli: ka danna ta zubo, ka saki ta tsaya.

Rana ta shida Inna ta jiƙa tsummanta tukuna, sannan ta murɗa famfo don dai ta cika hujja. Sai ga ruwa shaa! Ta yi salati, ta tallabo Malam ta zaunar da shi kan kujerar roba a banɗaki.

Ya daɗe yana kallon shawar. Can ya miƙa hannunsa mai lafiya ya karɓe ta, ya danna, ruwa ya sauka a ƙirjinsa. Ya saki, ya tsaya. Ya sake dannawa.

"Fita mana," ya ce, harshensa na sarƙewa. "Namiji na wanka."

"Yau kuma? Shekara arba'in da aure, me ban gani ba?"

Amma ta ajiye masa sabulu kusa da hannu, ta fita ta ja ƙofa. Nan ta tsaya, goshinta jingine da katako, tana jin ruwa na zuba yana tsayawa.