Kafintan da Ya Daina Ƙorafi

Shekara ashirin da shida ina auren kafinta, ban taɓa jin ya yabi katako ba. Kullum ɗanye ne, ƙusa ba ƙwari, masu kawo aiki ba su san darajar hannu ba. In ya dawo gida, ƙorafinsa ke riga shi shigowa.

Sai ya je asibiti saboda tarin da ya ƙi sakinsa, ya dawo wani mutum daban. Washegari ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, ya ce ya yi daɗi. Shayin nan dai da nake dafawa tun muna amarya da ango. Na dube shi da kyau. Mutum ba ya canza hali rana ɗaya a banza, kuma na ga yadda yayata ta yi laushi kafin ta rasu. Na tambaye shi me likita ya ce, ya ce ba komai. Amsar da na fi tsoro ke nan.

Sati uku ina sa masa ido. Na caje aljihunsa, na ɗaga katifa, ko ƙwayar magani ban gani ba. Shi kuwa har fito yake yi a banɗaki, mutumin da ko waƙar coci da ƙyar yake buɗe baki.

Ran Talata da hantsi na bi shi shago. Na same shi ya kifa kujera, yana goge ƙarƙashinta da sanfefa, wurin da ba mai gani sai gizo-gizo. Yana yi yana shafawa da tafin hannu.

"Baban yara, in mutuwa za ka yi, gaya mini yau," na ce.

Ya ajiye sanfefar. Ya ce a layin asibiti ya haɗu da maigidansa na dā, wanda ya koya masa riƙe zarto. Ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ke tura shi a keke. Tsohon bai roƙe shi komai ba, sai dai ya kama hannun rigarsa ya shinshina garin katakon da ke jiki, ya daɗe bai saki ba. A nan, in ji shi, ya tuna karatun da fasto ya sha yi mana, cewa ci da sha da jin daɗin aikin hannu baiwa ce daga Allah. Ya ce da can ya ɗauka ana faɗa ne don a lallashi talaka.

Labari mai daɗi, amma ni ba labari na zo ji ba. Na ce ya ba ni takardar likita. Ya zaro ta daga akwatin ƙusoshi, duk ta yi mai. Na kai wa mai kemis na bakin titi, na tsaya a kansa ya karanta sau biyu. Ƙura ce kawai, ya ce, ya riƙa rufe hanci.

Na koma shagon, haushi da kuka suka taso mini tare. Na ce masa sati uku ina masa makoki yana raye, ko ɗanɗanon abinci ban ji ba.

"Na sani," ya ce, ya juya kujerar ya goge ta da rigarsa. "Ni shekara ashirin da shida na yi ban ji ba. Zauna, ke za ki fara hawanta."