Ranar da Na Faɗaɗa Faifan Saba

Ni ce mai kula da ɗakin karatun makafi. Littattafanmu duk na sauraro ne, masu sa kai ke karanta mana. Muna ajiye su a sabar da muke haya ta intanet, wato kwamfutar wani kamfani da ko masu ido ba su taɓa ganinta ba.

Ranar Talata da hantsi faifanta, wato ma'ajiyar da littattafan ke ciki, ya cika maƙil. Baffa, ƙanen mahaifina kuma shugaban wurin, ya shigo yana jan takalmi.

"'Yata, goge duk littafin da aka shekara ba a saurara ba."

"Baffa, har da na tsohuwar malamar nan da ta rasu? Wata shida ta yi tana karanta mana littafin lissafi."

"Wa ke sauraron lissafi?"

"Ba zan goge ko tari ɗaya ba. Faifan zan faɗaɗa. Kwamiti ya amince tun bara, tsoro ne ya hana."

Ya kira injiniyan da ya haɗa mana sabar, ya buɗe lasifikar waya. Injiniya ya ce sai mako mai zuwa, ya ƙara da cewa, "Kar a bar ta ta taɓa. Aikin nan sai mai ido."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ma baƙin allo da rubutu kawai kake gani. Ni kuwa karanta min ake yi."

Na jawo madannan kwamfuta, na ƙure saurin manhajar da ke karanta min allo. Baffa ya ce kamar kaji na faɗa a kwali. Na fara ajiye kwafin komai, sannan na shiga shafin kamfanin na mayar da girman faifan daga giga ɗari biyu zuwa ɗari biyar. Na leƙa cikin sabar. Muryar manhajar ta ce har yanzu ɗari biyu.

"Kin ji ko?" in ji Baffa. "Taurin kai irin na uwarki."

Ban ɗaga hannuna daga madannan ba. Na ce, "Fili aka ƙara mana, katangar ce ba a matsar ba."

Umarni biyu suka rage in rubuta wa sabar: na faɗaɗa ɓangaren faifan, da na sanar da tsarin fayiloli. A na farko na rubuta lambar da ba ita ba. Allah ya sa na saurara harafi-harafi kafin na danna. Na gyara, na danna, na bi da na biyu.

Muryar ta ce ɗari biyar.

Baffa ya yi gyaran murya, ya ce dama ya san jininsu ba ya faɗuwa. Na ce ɗazu na uwata ne. Ya ja takalminsa ya fita.

A falo wata ungozoma na zaune da littafin da ta zo karanta mana, tun safe take jira. Na buɗe mata ɗakin ɗaukar murya, na ce ta matso da kujera kusa da makirufo.