Yashin Jan Bokiti

Lokacin da Tela ya leƙo ta katanga, matar Bakanike na tsaye da jan bokiti a hannu. Wutar ta riga ta bar tukunya ta bi ƙasa, tana gudu a kan ruwa har ƙarƙashin durom ɗin da mijinta ya durƙusa yana ƙoƙarin janyewa. Ba ta yi ihu ba. Shi ma Tela bai yi ba.

Shekara shida Bakanike yana dafa tsohon man suya a rumfar bayan gidansa, ya mai da shi dizal. Kowa tsokanarsa yake, wai in motarsa ta wuce sai yunwa ta kama mutum. Amma mutum ne mai tsoron wuta. Ko sigari ba a shigar masa da ita, kuma ta katanga Tela ya sha jin yana gaya wa matarsa, "In ta kama, jan bokiti. Yashi ne a ciki. Kada ki kuskura ki taɓa ruwa."

Kwana biyu Bakanike ya yi a asibiti. Da Tela ya je, baki kawai ake gani a cikin bandeji.

"Maƙwabci, wutar ba ta taɓa maka shago ba ko?"

"Ba ta taɓa ba."

"To, madalla."

Washegari ya cika.

Abin da Bakanike ya tafi bai sani ba shi ne, ana jibi wutar, Tela ya shiga aron yashi don liƙe dokin ƙofarsa. Ba kowa a rumfar, sai ya ɗauki bokitin. Shi kuwa ba ya iya mayar wa mutum abu fanko, kunya yake ji. Ya wanke shi tas, ya cika shi da ruwa, ya rufe shi da murfinsa, ya mayar da shi mazauninsa, da niyyar gobe ya kawo yashi. Ɗinki ya sha masa kai.

Mako guda yana taka keke ba ya ganin allura. Ba baƙin ciki yake ji ba, ba ya jin komai ne. A unguwa kuwa an gama yanke hukunci, cewa matar ce ta rikice ta watsa ruwa.

Ya same ta a tsakar gida tana ninke kayan aikin marigayin.

"Maƙwabciya, ni ne na ɗebe yashin. Ni na zuba ruwan."

Ta daɗe tana kallon rigar da ke cinyarta.

"Malam, da na ɗaga na ji yana motsi," ta ce. "Yashi ai ba ya motsi. Na ji shi a hannuna, kuma na watsa."

Ta miƙo masa rigar, aljihunta ya ɓalle ta gefe ɗaya.

"Tun bara yake cewa zai kawo maka."

Ya zare allurar da ke maƙale a wuyan rigarsa, ya zauna a ƙasa. Sau uku yana kai zare bakin kafar allurar, yana kuskurewa.