Kwanon Waccan

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Duk garinmu Sandamu Rahama ake kirana, ita kuwa sai dai "waccan". "Ku ce wa waccan ta zo ta tankaɗe garin nan." Kunyar 'yar fari ce, ba ƙiyayya ba. Idan tana son ta nuna mini ƙauna ba ta faɗa da baki, sai in tarar da ƙashin miya mafi tsoka a ƙasan tuwona.

Bayan rasuwar mijina na dawo Daura koyon ɗinki a shagon Dorothy, wata Inyamura da ke zaune kusa da rijiyar Kusugu tun kafin a haifi rabin masu zaginta. A bakin keken ɗinkinta na ji labarin Yesu Almasihu. Na yi gardama da ita har muryata ta dishe, daga baya na gaskata, aka yi mini baftisma. Masu cewa asiri aka yi mini, da masu cewa wani namiji na bi, su ci gaba da faɗa, bakinsu ne. Ni dai da hankalina na shiga, da furfurata ma.

Abin da ya biyo baya kuwa na sha shi. Matan da nake wa ɗinkin Sallah suka zo suka kwashe atamfofinsu, wata har da rabin riga da allura a jiki. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya ci mini rai shi ne ƙanena Sabiru, wanda ya zama maigida tun rasuwar Baba. Yaron da na goya, ya yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba, shi ne ya aiko cewa kada ƙafata ta sake taka zauren gidanmu. Inna ba ta ce komai ba. Kunnenta ya yi nauyi, wayar gidan kuma tana aljihun Sabiru. To shirun nan nata fa? Kunya ce irin ta da, ko ta sallama ni ne? Wannan tambayar ita ce ta hana ni sakat.

Sai na ce tun da an hana ƙafa, ba a hana kwano ba. Inna ba ta da haƙora, babu abin da take so kamar faten tsaki da yakuwa. Duk Juma'a in dafa, in zuba a samira, in ɗaure da ƙyallen atamfa, in ba Kabo. Kabo ɗan kawuna ne, taubashina, fataucin awaki yake yi tsakanin Sandamu da Daura a kan babur. Musulmi ne na ƙwarai, amma bai taɓa ƙin karɓa ba, sai dai ba ya karɓa sai ya tsokane ni.

"Matar Fasto, an gama girkin Aljanna?"

"Karɓi, mai warin bunsuru. Ka zubar mini, ka ga aljanna a goshinka."

Washegari kuma ya dawo mini da shi yadda na ba shi, da nauyinsa, da ƙullina, faten ya yi tsami. A zaure Sabiru ke tare shi, ko cikin gida ba ya shiga. Dorothy ta ce in haƙura haka nan, in bar wa Allah. Na ce mata ai don na bar wa Allah nake dafawa. Yesun da nake bi bai daina miƙo mini hannu ba lokacin da nake zagin sunansa a wannan shagon, ni kuma a kan wane dalili zan gaji da kwano?

Ana nan damina ta wuce, aka yi girbi. Wata ranar Laraba da hantsi ina kan keke sai na ga inuwar mutum a ƙofa. Sabiru ne, ya rame, ya tsaya a waje kamar shagon zai ƙone shi.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Yau kuma ni ce Yaya? Shigo mana, ba a yanka mutane a nan."

Bai shigo ba. Ya ce jikin Inna ya yi tsanani, ba ta iya tashi. Na miƙe ina neman mayafi. Sai ya ɗaga hannu.

"Na yi magana da liman. Ki zo zaure, ki maimaita kalmar shahada a gabansa da dattawa, shi ke nan ki shiga. Babu mai tona zuciyarki, Yaya. Ki faɗa kawai, ki ga mahaifiyarki."

Wallahi ba zan ce ban ji abin ya ja ni ba. Uwata ce fa. Numfashi ɗaya ne, in faɗa, in wuce, in riƙe hannunta. Na dubi Sabiru na ga idonsa ya kawo ruwa, na san ba mugunta ta kawo shi ba, a ganinsa ceto na ya zo yi. Wannan ma ya fi zagi ciwo.

Na ce, "Sabiru, kalmar nan da kake so in faɗa, wasa ce a wurinka?"

"Subhanallahi! Wane irin wasa?"

"To don me kake so in yi wasa da ita? Kai ka yarda da ita, ka fi ni sanin nauyinta. In tsaya gaban liman in yi masa ƙarya, in yi wa Allah ƙarya, sannan in shiga wurin Inna da bakin nan in ce sannu? Matar da ta fasa mini baki da ludayi a kan ƙaryar ƙuli-ƙuli? Ni ta Yesu ce. A zaure haka, a kasuwa haka, a gaban Inna ma haka. Ka buɗe mini ƙofa yadda nake, yanzun nan in hau bayan babur ɗinka."

"Kin zaɓa ke nan."

"Na daɗe da zaɓa. Kai ne ka tare hanya."

Ya juya ya tafi. Na tsaya har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Na zauna a kan tarin ƙyallaye na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, Dorothy ta rufe shago ta zauna kusa da ni.

Ranar Juma'a na dafa fate. Na sa ruwa sosai don ya yi sauƙin haɗiya. Kabo ya karɓa, ya dube ni, ya ce kawai, "Allah ya sa ta sha."

Asabar da yamma ya dawo. Bai yi hon ba, bai kira ni matar Fasto ba. Ya miƙo kwanon, ina karɓa na ji babu nauyi. Na dubi ƙullin, ba nawa ba ne. Ƙulli ne na gefe, irin wanda Inna ke yi wa bakin zaninta. Na kwance ƙullin. An wanke samirar tas, a ciki kuwa ga 'yan dunƙulen daddawa a naɗe cikin ganye, irin tata, wadda ko a cikin duhu na san ƙamshinta.

Kabo ya zauna a dakali ya cire hularsa. Ya ce jiya Sabiru ya tare shi a zaure kamar kullum, suna ja-in-ja har muryarsu ta kai ciki. Sai suka ji Inna, wadda ta kwana biyu ba ta yi magana ba, ta ce, "Ku kawo mini kwanon waccan." Matar Sabiru ta tallabe ta, ta sha har ta kusa rabi. Sannan ta sa aka wanke, ta ce a ɗauko daddawa a tukunyarta. Aka ce ta bari sai ta ji sauƙi. Ta ce a gidanta ba a taɓa mayar wa ɗan gida kwano wayam ba, ba kuwa za a fara a kanta ba. Da hannunta ta ɗaure.

"Yau da safe Allah ya karɓi abarsa," in ji Kabo. "An kai ta kafin azahar."

Ban ga fuskarta ba. Ba zan taɓa ganinta ba a duniyar nan, kuma wannan ciwon da shi zan mutu, ba na ɓoye wa kowa. Amma da Sabiru zai sake tsayawa a ƙofar nan da maganarsa, amsar da ya ji ita zai sake ji. Inna ta san ko ni wace ce, ta san inda nake zuwa ranar Lahadi, kuma ta sha.

Na share hawayena, na hura wuta. Dorothy ta ce, "Rahama, me kuma za ki dafa?"

"Abincin makoki. Ana zaman uwata a ce 'yar fari ba ta kawo komai ba?"

Na marmasa daddawar Inna a cikin miyar, na tuƙa tuwo, na cika samirar nan har baki. Kabo ya miƙo hannu zai karɓa, na ce ya tayar da babur kawai, yau ni zan riƙe.

"Sabiru fa yana zaure," ya ce.

"Ya zauna. In ya isa, ya mayar da kwanon da uwarsa ta karɓa."