Bidiyon Amalanken Aisa

Duk Dakoro an gama yanke wa Aisa hukunci a waya kafin ita ta san an yi ƙararta.

Kullum da safe takan ɗaure jakinta, ta jera bidon, jarkokin ruwa, a amalanke, ta ɗora yaran rugarsu, ta sauke su ƙofar lakwal, wato makarantar boko, sannan ta wuce famfo. Cikin yaran akwai Haula, ɗiyarta ta fari, da ke ajin ƙarshe, ga jarrabawa ta matso. Samba, uban yarinyar, yana arewa da shanu wajen Azagor. Kafin ya tafi ya faɗa a fili cewa in ba amalanke, Haula ba za ta ratsa dajin nan da ƙafa ba, gida za ta zauna.

Wata rana da aka tashi daga lakwal, Haula na taya ta ɗora bidon, sai Abdurrazak mai rumfar cajin waya ya matso, ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar bidiyo.

"Inna, wannan yarinya mai ƙwazo ɗiyarki ce? Mi sunanta?"

Aisa ta kau da kai. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya bakin famfo tana cewa nata ne. Ta ce, "Ta mutanen gida ce," ta kora jakinta.

Shi ke nan abin da ya faru. Amma ranar Litinin, mushe direkta, malamin da ke shugabantar lakwal ɗin, da kansa ya tare ta a ƙofa.

"Baiwar Allah, daga yau kar ki ƙara kawo yara a amalanke. Daga sama aka kira ni. An ce kina ɗauko ɗiyan mutane da sunan karatu, kina sa su jidon ruwa."

"Wa ya ce?"

"Gurup ɗin ƴan asalin Dakoro, zaurensu na waya. Ni na san ki, amma bidiyo aka nuna mini. Can aka ɓata, can za a gyara."

Ba ta ko je famfo ba. Rumfar Abdurrazak ta nufa, ta tsaya masa a ka.

"Kunna mini in ji."

Ya fara kame-kame, wai shi muhawara kawai ya buɗe kan wahalar sufurin ƴan lakwal, mutane ne suka kai ta wani wuri. Ta ce ya kunna. Muryoyi suka dinga fitowa. Wani daga Yamai ya ce abin kunya ne a wannan zamani yaro ya je lakwal bisa jaki, gwamnati ta sayo bas. Wani ya ce bas ɓarnar kuɗi ce, a raba wa kowane yaro tablet ya yi karatu daga ruga. Na uku ya zagi na biyu, ya ce ɗan kwangila ne. Sai wata murya mai kauri ta ce duk sun bar kan magana: matar da bakinta ta ce ba ɗiyarta ba ce, a kira jandarma.

"Tsaya nan. Wannan ba Zakiru ba ne, ɗan mai gishirin kasuwa?"

"Shi ne. Yana waje yanzu, babban mutum ne."

"Babban mutum. Uwarsa har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba, a gabansa aka yi. Kai kuma, taka uwar tana faɗin sunan babban wanku?"

Abdurrazak ya sosa ƙeya. "Ba ta faɗi."

"To da ka ji amsata, mi ka ɗauka?"

"Na gane, Inna. Amma da na bayyana, ba wanda zai tanka. Dubi yadda aka yi ta turawa."

Mai bas bai san inda rugar take ba. Mai tablet bai san sai an hau tudu ake samun rezon waya ba. Dukansu sun ci sun ƙoshi, sun yi ta musu, ita kuma an rufe wa ɗiyarta ƙofa.

"Goge shi."

"Ko na goge, ya riga ya watsu. Sai dai ki yi vokal, saƙon murya, ki faɗi ko ɗiyar wa ce, da sunanta. Da bakinki za su yarda."

Ta san kafin la'asar muryar za ta kai ruga, ta kai kunnen uwar mijinta. Ta karɓi wayar, ya danna mata.

"Ni ce Aisa mai amalanke. Yarinyar da kuka gani, ni na haife ta, ita ce ta fari. Sunanta Haula. Kun sa na faɗi abin da iyayenku mata ba su faɗa ba, Allah ya isa tsakanina da ku. Mai bas, in ta iso, ka aiko mini in kwance jakina. Zakiru, ka gaida gida."

Kafin ta sha ruwa wayar ta fara ƙara. Wasu na cewa sun daɗe da zargin haka. Wani malami ya buɗe sabon musu, wai mata sun zubar da kunya saboda waya. Zakiru kuwa, an ce ya fice daga gurup ɗin. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Da yamma mushe ya aiko cewa ta kawo yara gobe.

A ruga, tsohuwa uwar Samba tana zaune bakin bukka, wayar jikanta a cinya. Ba ta amsa sallama ba.

"Har da suna, Aisa? Gaban maza?"

"Har da suna, Inna."

"In ɗana ya komo, mi za ki ce masa?"

"Zan ce masa ta rubuta jarrabawa."

Ta wuce ta kwance jaki, ta zuba masa dusa, ta leƙa ta ce wa yarinyar ta wanke rigar lakwal tun rana ba ta faɗi ba.