Minti Bakwai na Baba Mordecai

"Wannan kuma wane ne?" in ji Martina, ta gyara tabarau, ta kai fuska kusa da kwamfutar.

"Baba Mordecai mana," in ji Kingsley, mai shagon haɗa bidiyo a Sabon Gari. "AI ce ta gyara shi. Madam, dubi yadda ya fito fes!"

Ya fito fes kam. Mutumin da ke hoton yana sanye da kwat, fuska sumul, haƙora a jere reras kamar mai tallan man goge baki. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakanin Martina da Baba Mordecai a Samaru. Haƙora huɗu ta san shi da su, su ɗin ma sai ana faɗa take ganinsu.

"Ƙirga yatsunsa," ta ce.

Kingsley ya ƙirga, ya samu shida. Ya ce ƙaramin abu ne, yanzu zai cire ɗaya.

"Cire biyu. Injin casar masara ya cinye ɗaya tun ba a haife ka ba."

Ƙauna, 'yar marigayin, tana zaune a benci, idanu sun kumbura. Jiya ta iso daga Legas, jibi jana'iza. Ita ta ce a haɗa bidiyon da za a nuna a coci, a kuma saka a Facebook saboda dangi na nesa. Hoton uban ɗaya tak ta samu, na katin fansho, don Baba ya tsani kamara. Kingsley ya danna wani wuri, wata murya mai laushi ta fara karanta tarihi: wai marigayi mutum ne mai sanyin hali, abokin kowa, mai zaman lafiya da maƙwabta, mai ƙaunar dabbobi.

Ran Martina ya ɓaci. Mai ƙaunar dabbobi! Mutumin da ya kai ƙarar kajinta gaban dattawan coci har sau uku a kan alayyahu?

Kwana biyar da suka wuce ta kai masa fate yana kwance. Ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi yawa, sannan ya damƙe hannunta da yatsun nan huɗu.

"Martina, na je jana'izar Shekari. Ƙaryar da aka zuba masa, har na ɗauka gawar wani aka kawo. Ke ba kya raga mini, ke kaɗai za ki faɗi gaskiya. Kar ki bari su yi mini ƙarya."

Ta ce ya rufe baki ya ci abinci, amma ta yi masa alkawari. Washegari da hantsi ya cika.

"Ƙauna, wannan ba babanki ba ne," in ji Martina, tana nuna kwamfutar.

"Na sani, Mama. To me za mu saka? Ba mu da komai nasa."

"Madam, yanzu kowa haka yake yi," in ji Kingsley. "Minti biyar an gama. Tarihin nan mutum uku na yi wa shi a watan nan, ba wanda ya yi ƙorafi."

"Matattu ne. Ta ina za su yi ƙorafin?"

Sai Martina ta tuna da wayarta. Shekara uku da suka wuce, shekarar da mijinta Raphael ya rasu, Ƙauna ta saya wa Baba babbar waya. Abu ɗaya ya koya a cikinta: saƙon murya. Kullum safiya sai ya turo wa Martina, alhali ko tari ya yi tana jin sa ta katanga. Ba ta taɓa sauraron ko ɗaya har ƙarshe ba. Da ta ji zagin farko take kashewa, ta fito tsakar gida ta rama da baki. Ba ta kuma goge su ba, tana tara shaida ne saboda zaman dattawa na gaba.

Kingsley ya jona wayar da lasifika.

"Martina! Kajin nan naki marasa tarbiyya sun sake shigowa! Halin uwar ɗakinsu suka kwaso kaf. Yau in na kama jar nan, a tukunya za ta kwana!"

Ƙauna ta tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka. "Baba ke nan!"

"Kashe, ya gama," in ji Martina.

"Bai gama ba fa, Madam. Minti bakwai ne."

Ashe in Baba ya gama masifa, aljihu yake jefa wayar tana ci gaba da ɗauka, sai can ya lura ya danna ta tafi. Aka ji jan silifas, aka ji an buɗe gwangwani, sai ƙarar dawa tana zuba a ƙasa. Muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa.

"Ku zo, ku zo. Ke Ja, matsa ki bar Gurguwa ta ci. Ku yi sauri kafin masifaffiyar ta fito. Yanzu za ta fito, ku saurara. Tun da Raphael ya tafi, in ban tsokane ta ba, a ɗaki take yini."

Can daga nesa sai ga muryar Martina kanta, tana surfa masa bala'i ta saman katanga. Baba kuwa yana ƙyalƙyala dariya a hankali.

Martina ta cire tabarau tana gogewa da bakin zane, ta daɗe tana gogewa.

"Tsohon banza," ta ce. "Shi ya sa suke ta ƙiba, ni ina nan ina yabon dusata."

"Kin gani?" in ji Kingsley. "Mai ƙaunar dabbobi. AI ba ta yi ƙarya ba!"

"Dace ta yi. Tambaye ta ko ta san Gurguwa."

Aikin minti biyar ya cinye yini biyu. Suka saurari saƙo bayan saƙo, Kingsley yana yanka yana mita. Martina ta koma Samaru ta ɗauko hoton kekensa, da fartanyarsa, da alayyahun da aka yi ta shari'a a kansa. Hoton katin fansho suka saka yadda yake, fuska a murtuke.

Ranar jana'iza cocin ya kusa tsagewa da dariya. Fasto ya ji da kunnensa cewa wa'azinsa ya fi hanyar Kano tsawo. Shugabar zumuntar mata ta ji ra'ayin Baba a kan muryarta. Waɗanda bai zaga ba ne suka fita suna jin an ware su. Da aka zo kan maganar kaji kuwa, aka nemi dariyar aka rasa. A Facebook, wani tsoho daga Kafanchan ya rubuta cewa shekara arba'in rabonsa da Mordecai, amma kalma biyu ya ji ya gane shi.

Washegari da safe Martina ta tarar da kajin sun taru a bakin ramin katanga, ba wadda ta shiga. Ta zagaya gidan Baba, ta samu gwangwanin a bayan randa, saura rabi. Ta watsa dawar, ta kira su, suka tsaya suna kallonta.

Sai ta ɗora wayar a kan turmi ta kunna. Ta tsaya, hannu a ƙugu, ya zage ta tas, ba ta kashe ba. Da muryar ta yi ƙasa, Ja ta fara sako kai ta ramin, Gurguwa na biye da ita tana ɗingishi.