Magogi a Kan Madubi

Ƙasan magogin katakon kafinta ya karkace, kuma duk gidan babu abin da yake shimfiɗe sumul kamar madubin matarsa. Ya kwantar da madubin a benci, ya ɗora sanfefa, takardar goge katako, a kai, ya zazzana fensir a ƙasan magogin don ya gane inda bai daidaita ba, ya fara gurza shi a kan takardar a hankali.

Sai ga ta a bakin ƙofa.

"Maigida, ba madubin da marigayiya Inna ta bar mini ba ne wannan?"

Bai ɗago ba. Zanen bai gogu a gefe ɗaya ba, dole ya ƙara dannawa. Gilashin ya yi ɗan ƙara, zufa ta karyo masa.

Ta ɗauki gudumarsa, ta zauna, ta ɗora ta a cinya.

"Ci gaba," ta ce. "Magogin ma ai gadon Babanka ne."